Mutum da Inji a Challawa: Lacca a Kan Ilmin Halayyar Ɗan Adam da Aikin Masana'anta



Sa'ad da aka nemi in yi magana a kan ilmin halayyar ɗan Adam, wanda Turawa ke kira saikoloji, na gayyaci wani abokina injiniya, sai ya ce in yi masa uzuri, domin su a gidansu babu mai taɓin hankali. Na san da wasa ya faɗa, amma wasan nasa yana ɗauke da fahimtar mutane da yawa, watau cewa wannan fanni na asibitin Dawanau ne kurum. Lalle kula da masu larurar ƙwaƙwalwa reshe ne na wannan ilmi, reshe mai daraja kuwa. To, amma mafi yawan aikinsa a kan lafiyayyen mutum yake: yadda yake gani da ji, yadda yake tunawa da mantuwa, yadda yake gajiya, yadda yake sabawa da abu, da yadda yake yanke shawara sa'ad da ba shi da lokacin dogon tunani. Tun a ƙarni na goma Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi littafi a kan lafiyar jiki da ta rai a haɗe. Amma a matsayin ilmin da ake gwadawa ana aunawa, an saba ƙirga farkonsa daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jamus. A ƙasarmu kuwa, sai a 1964 aka buɗe sashensa na farko a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka.

Ba zan kai ku Jamus ba yau. Ina so ne mu bi hanyar Panshekara mu tsaya a Challawa, cikin ƙasar Kumbotso, da misalin ƙarfe shida na safe, lokacin da masu aikin dare ke fitowa masu aikin safe ke shiga. Kun san Bompai ita ce babbar ya, tun shekarun 1950 aka fara kafa masana'antu a can, sa'an nan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa a shekarun 1970. An yi saƙa, an yi jima, an matse man gyaɗa, an yi alewa da sabulu da kwanuka da kayan roba. Tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, da tsadar kayan gyara, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar yadi mai araha daga waje, ƙofofi da yawa sun rufe, har ciyawa ta fito a inda dā ake jin ƙarar injuna. Wannan labari kowa ya san shi, kuma masana tattalin arziki sun fi ni iya ba da shi. Abin da nake so mu duba shi ne mutumin da ke shiga ƙofar da ta rage a buɗe, da abin da ke faruwa tsakaninsa da injin da ya taras a ciki.

Mu fara da sabo. Dattawan da ke cikin zauren nan za su tuna ranar 2 ga Afrilu, 1972, da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, da kuma ranar 1 ga Janairu, 1973, da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Doka ta canja cikin dare ɗaya, amma bakin jama'a bai canja ba. Shekaru da yawa bayan haka ana kiran naira biyu fam, ana kiran kwabo goma sule, har wa yau kuma akwai mai ce wa naira ɗari biyu jaka, domin dā fam ɗari ita ce jaka. Haka hukuma ta kawo kilo da lita, amma mudu da tiya ba su bar Dawanau ba. Wannan ba taurin kai ba ne. Abin da mutum ya maimaita sau dubu yakan sauka daga tunani ya koma hannu da harshe, ya zama yana yinsa ba tare da ya nemi shawarar kansa ba. Amfanin haka babba ne, gama da ba don shi ba da direba bai iya tuƙi yana hira ba. Illarsa kuwa ita ce, ranar da aka firgita mutum ko ya gaji, tsohon sabo ne ke tasowa, sabon umurni ya ɓace. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa in mun iso bakin inji.

Babban sabon da masana'anta ta fara karo da shi a Kano shi ne na lokaci. Manomi yana da lokacinsa, na damina da kaka da rani. Maɗinki da marini da majemi a cikin birni suna da nasu: a fito bayan hantsi, a tashi in an kira salla, a rufe in an yi rasuwa a unguwa, ba wanda zai yanke maka ko kwabo. Masana'anta kuwa ta zo da agogo da jiniya da kati. Wani Ba'amurke mai suna Paul Lubeck ya zauna da leburorin Kano a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafinsa a 1986, inda ya nuna cewa da yawa daga cikinsu tsofaffin almajirai ne da 'yan cirani da suka zauna, kuma lokacin salla yana cikin abubuwan da suka jawo saɓani tsakaninsu da masu gudanar da aiki. Manajan da ya ɗauki minti goma na azahar a matsayin asara ya yi lissafi daidai a takarda, amma ya yi kuskure a kan mutum. Gama tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko, kwamitin da gwamnatin Ingila ta kafa a 1915 don duba lafiyar masu ƙera harsasai ya ga cewa tsawaita sa'o'in aiki ba ya ƙara abin da ake samarwa gwargwadon tsawon, kuma sau da yawa in an rage sa'o'i aikin kowace sa'a yakan ƙaru. Hutun da aka raba cikin yini, a wanke fuska da hannu da ƙafa, a miƙe gaɓoɓi, shi ne irin abin da masanan gajiya suka yi ta ba da shawara a kai. Mu mun same shi a shirye, sai dai mun daɗe ba mu ƙidaya shi cikin tsarin aiki ba.

Tunanin da ya gina yawancin masana'antun duniya na Frederick Taylor ne, wanda ya buga littafinsa a 1911. Shi a ganinsa a auna kowane motsi da agogo, a cire wanda ba shi da amfani, a biya mutum gwargwadon abin da ya yi. Ya ba da labarin wani lebura mai lodin ƙarfe a Amurka da ya tashi daga tan 12 da rabi a yini zuwa tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.85. Ɗaliban lissafi su auna da kansu: aiki ya kusa ninka huɗu, lada bai ko ninka biyu ba. Bayan Taylor aka yi wani dogon bincike a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Shikago, daga 1924 zuwa 1932. Abin da aka fi koya muku daga cikinsa shi ne wai ko an ƙara hasken fitila ko an rage, aiki ƙaruwa yake, saboda ma'aikata sun ga ana kula da su. Ina gargaɗinku da wannan labari, domin a 2011 Steven Levitt da John List sun koma kan ainihin takardun gwajin fitilun, suka ga abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Sashen da ya fi tsayuwa da ƙafafunsa shi ne na ƙarshe, inda aka zuba ido a kan maza 14 masu haɗa wayoyi. Ko da yake ana biyansu ne bisa yawan aiki, sai aka ga sun yanka wa kansu iyakar abin da ya dace a yi a yini, wanda ya zarce su yi masa ba'a, wanda ya gaza su yi masa, wanda ya kai ƙara wurin shugaba kuwa su ƙaurace masa. Duk wanda ya taɓa aiki a sakatariyar Audu Bako ko a kowace ma'aikata ya san wannan doka da ba a rubuta ba, ba sai na yi bayani ba.

Haka batun albashi. Mutum ba ya auna ladansa da ma'aunin buƙatarsa kaɗai, yana aunawa da na maƙwabcinsa. Sa'ad da hukumar Adebo ta ba da ƙarin kuɗi a farkon shekarun 1970, aka ga ma'aikatan gwamnati sun samu, leburorin kamfanoni a Kano suka yi yajin aiki a 1971 suna neman nasu, alhali jiya-jiya da wannan albashin suke zaune. Aka sake ganin irin haka a ƙasa baki ɗaya bayan rahoton Udoji na 1974. Har ila yau Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna, tun daga 1979, cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa, kusan ninki biyu a gwaje-gwajensu. Saboda haka kamfanin da ke yanke wa lebura kuɗi don ya makara, da wanda ke ba da ɗan ƙari ga wanda bai makara ba, suna iya kashe kuɗi ɗaya a ƙarshen wata, amma ba zuciya ɗaya suke ginawa ba.

A nan ne ya kamata mu yi hattara da littattafan da muke karantawa. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka tunatar da duniya cewa kimanin kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Ido da kunne da gajiya iri ɗaya ne a ko'ina, amma abin da ke ɓata wa mutum rai ba ɗaya ba ne. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya da mutunci cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su. Fomanin da bai kai shekara talatin ba, in ya daka wa mai furfura tsawa a gaban yaran da suke gaishe shi a durƙushe a unguwa, to ya ci mutuncin da ƙarin albashi ba ya mayarwa. Kunya kuma tana da nata haɗari: sabon ma'aikaci da aka yi wa bayani cikin Turanci da sauri, aka ce ya gane, zai ce ya gane, domin cewa bai gane ba kamar ya ce babba bai iya bayani ba ne. Maganin wannan ba wuya, a daina tambayarsa ko ya gane, a ce ya yi a gani. Gunilla Andrae da Björn Beckman, da suka kwatanta masaƙun Kano da na Kaduna a littafinsu na 1998, sun nuna cewa a Kano yawanci ta hannun wani ake samun aiki, mai gida ko ɗan'uwa ko ɗan gari. Wanda ya shigo ta haka yana da riƙon amana, amma da wuya ya buɗe baki ya ce injin nan zai cire wa wani hannu, gama ba ya so ya kunyata wanda ya kawo shi.

Yanzu mu iso bakin injin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan wani jirgin yaƙi na Amurka suka riƙa yin wani kuskure iri ɗaya: suna sauka lafiya, sai su naɗe ƙafafun jirgin, ya faɗi a kan cikinsa. Rahoto bayan rahoto ana rubuta cewa laifin matuƙi ne. Sai a 1943 wani matashin masani, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba, ya ga makunnin naɗe ƙafa da na sauke fiffike iri ɗaya ne, kuma suna dab da juna. Aka maƙala wa ɗaya ɗan ƙaramin taya na roba, ɗayan aka yi masa siffar fiffike, yadda hannu zai bambance su ko ido bai duba ba. Wannan irin haɗari ya kau. Ba a canja matuƙa ba, ba a yi musu wa'azi ba. Ina roƙon jami'an duba masana'antu da ke nan, duk ranar da aka kawo muku rahoto mai cewa sakacin ma'aikaci ne, ku tambaya mutum nawa suka yi wannan sakaci a wannan wuri kafin shi. In sun kai uku, ku bar mutumin ku duba wurin.

Injunan Challawa ba a Challawa aka ƙera su ba. Wannan daga Italiya, wancan daga Indiya, na kusa da shi daga Sin, da yawa kuma na hannu ne, sun gama aiki a wata ƙasa kafin su zo. Kowanne ya zo da al'adar ƙasarsa. Ku ɗauki ƙaramin misali: a gidajenmu, kamar a Ingila, ƙasa ake danna makunni wuta ta kama, a Amurka kuwa sama ake ɗagawa. Mutumin da ke kula da injuna biyu masu saɓanin al'ada zai yi daidai kwana ɗari, amma ranar da rigar abokinsa ta shiga bel, hannunsa zai bi sabon da ya tashi da shi. Ga gargaɗi a jikin inji da harshen da ba mai karantawa, alhali yawancin waɗanda ke tsaye a gabansa suna karanta Hausa, in ba da boko ba to da ajami. Ga kuma aikin dare. Norman Mackworth ya nuna a 1948 cewa mai sa ido a kan abin da ba ya cika faruwa, lurarsa takan ragu tun bayan rabin sa'a na farko, kuma jikin ɗan Adam ya fi rauni tsakanin ƙarfe uku da biyar na asuba. Haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, a watan Maris na 1979, da ƙarfe huɗu na asuba ya fara, kuma wata fitila ce ta ruɗi ma'aikatan: tana nuna an aika wa wani bawul umurni ya rufe, su kuwa suka ɗauka tana nuna ya rufu. Leburanmu na dare, wanda da rana yake tuƙa Adaidaita Sahu ko yake tsare da shago don albashi ba ya kaiwa, ku ƙiyasta halin da idonsa ke ciki a wannan sa'a.

Zan ɗan daɗe a kan majema, domin ita ce sana'ar da aka fi sanin Challawa da ita, kuma a nan ne rai ya fi kusa da halaka. Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, da toka da bagaruwa kakanninmu suka yi ta, har fatar jan akuya ta ƙetare Sahara Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Majemar zamani kuwa da sinadarai take aiki. Ana cire gashi da farar ƙasa da wani gishiri mai sinadarin salfa, daga baya a jiƙa fatar cikin ruwa mai tsami kafin a sa mata kuromiyam. In ruwan matakin farko ya gamu da na biyu a cikin kwata ko rami, sai wata iska ta tashi mai warin baragurbi. Tana da nauyi fiye da iskar da muke shaƙa, saboda haka a ƙasan rami take kwanciya. Ga inda ilminmu ya shigo. Hanci yana jin warinta tun tana 'yar kaɗan ƙwarai, amma in ta kai kimanin kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jijiyar jin warin kanta, in kuwa ta haura 700 tana iya kayar da ƙato cikin numfashi kaɗan. Watau daidai lokacin da ta zama mai kisa, lokacin ne mutum zai ce wari ya tafi. Ƙari a kan haka, wanda ya shekara biyar a majema hancinsa ya riga ya saba, kuma ya shiga wannan rami sau hamsin ya fito lafiya, kowace fitowa tana ƙara masa tabbacin cewa ba kome.

Na taɓa zama da wani dattijo da ya yi aiki a wata majema, ba zan faɗi wace ba, ya ba ni labarin ranar da aka tura yaro ya yashe rami. Yaron ya sauka ya faɗi. Na kusa da shi ya ga haka ya yi tsalle ya bi shi, shi ma ya faɗi. Dattijon ya ce shi ne na uku, har ya sa ƙafa a tsani wani ya riƙe shi ta baya, kuma ya yi kwanaki yana jin haushin wanda ya riƙe shi. Wannan ba labarin Kano kaɗai ba ne, a ko'ina cikin duniya wani kaso mai yawa na waɗanda ke mutuwa a ramuka da tankuna masu zuwa ceto ne. Ba za ka hana mutumin kirki bin ɗan'uwansa da takardar sanarwa a bango ba, kuma ni ba na so a raba shi da wannan hali. Abin da za a yi shi ne a raba magudanar ruwan nan biyu tun daga gini, a sa wa ramin murfi mai kwaɗo, makulli a hannun mutum ɗaya, kada kowa ya sauka sai an auna iskar da na'ura kuma da igiya a ƙugunsa, yadda mai son ceto zai sami abin ja daga sama. Safar hannu da takunkumi da takalmin roba su ne matakin ƙarshe, ba na farko ba. Wanda ya zauna cikin ofis mai sanyi ya rubuta cewa leburori ba sa son sa kayan kariya, ya gwada sa su na sa'a ɗaya cikin watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano.

Ƙofa ma haka. A 1883, a garin Sunderland na Ingila, yara 183 suka mutu a turmutsutsu a bakin wata ƙofa mai buɗewa ciki, daga nan aka fara tilasta ƙofofin fita su riƙa buɗewa waje da turawa kurum, domin firgitaccen taro turawa yake, ba ya ja. A watan Satumba na 2002 gobara ta kashe gomman ma'aikatan dare a wata masana'antar roba a Ikorodu, aka kuma ba da rahoton cewa a kulle suke. Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi magana a kan hanyar fita. Mai kulle ƙofa tsoron sata yake, sata kuwa yana ganinta kowane mako, gobara wataƙila bai taɓa gani ba, shi ya sa ƙaramar asarar da ke kusa take rufe masa babbar da ke nesa.

Bari mu fito daga masana'anta mu bi kayan da take fitarwa. Ku dubi butar roba, wadda ake yi da yawa a Kano. Roba ba ta tilasta wa kowa siffa, ana iya zuba ta a kowane irin zubi, amma masu yi suka bar ta da mariƙi a sama da dogon baki, yadda hannu ɗaya zai karkata ta ruwa ya zubo siriri ɗayan yana wanki. Ba ta zo da takardar bayani ba, yaro ɗan shekara uku ya san inda zai kama. Wannan shi ne abin da Donald Norman ya yi littafi guda a kansa a 1988, cewa kyakkyawan abu siffarsa ce ke faɗin yadda za a yi da shi. Ku dubi kuma madarar Cowbell da aka fara sayarwa cikin ƙananan ƙulli a 1993, har sabulun gari da man shafawa da tumatir suka bi sahu. Wanda ya yi wannan dabara ya fahimci cewa mai samun kuɗin yini da lissafin yini yake rayuwa, abin da mai tebur a unguwa ya daɗe da sani, shi da ke sayar da sukari ƙwaya-ƙwaya. Sai dai in an tara ƙullin wata guda aka auna, sau da yawa talaka ya biya fiye da mai sayen gwangwani, ledar kuma tana cikin kwata tana jiran damina. Wayar Nokia 1100 ta 2003 an sa mata tocila, kamfanin Tecno ya zo da gurbin layi biyu da kyamarar da aka daidaita don baƙar fata. Waɗannan duka mutane ne da suka zo suka dube mu kafin su ƙera. Abin da ke damuna shi ne, daga nesa suka zo suka dube mu, mu da ke zaune kilomita kaɗan daga Kantin Kwari ba mu cika yi ba.

Wannan ilmi kuwa wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka mai ita. B. F. Skinner ya nuna da tantabaru cewa ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi kowane lada ɗaure mai nema. A kan wannan aka gina cacar ƙwallo, kuma ko da yake Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, shagon ya riga ya koma cikin aljihu. A kansa aka gina jan allon waya da yatsa ba iyaka. Akwai kuma ƙarfin abin da aka riga aka zaɓa maka: mutum yakan bar abu yadda ya same shi. Da wannan ake cinye kuɗin wayar tsohuwa da waƙar kira mai sabunta kanta, wadda shigarta danna ɗaya ce fitarta kuwa sai an nemi jika. Da wannan ɗin dai dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, take cire kashi 8 cikin ɗari na ma'aikaci kafin kuɗin ya taɓa hannunsa. Iyayenmu mata masu adashe sun riga kowa gane wannan, sun san kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ba ya kwana, sai suka ɗaure kansu da kunyar idon juna.

Saura kogin. Ruwan majemu da marina na Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Sharaɗa yana bin Salanta, na Bompai yana bin Getsi zuwa Jakara, kuma a gaɓar waɗannan ruwaye ake noman latas da kabeji da albasar da ke zuwa kasuwanninmu. A 1968 John Darley da Bibb Latané suka nuna cewa gwargwadon yawan waɗanda suka shaida abu, gwargwadon raguwar nauyin da kowannensu ke ji. Masana'anta ashirin in suna zuba a magudana ɗaya, kowace tana da gaskiya in ta ce nata kaɗan ne. Hukumomi ma haka, ta tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma, kowace tana iya zaton takardar tana teburin wata. An kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988, aka kafa NESREA a 2007, saboda haka ba doka muka rasa ba. Abin da binciken ya nuna yana warware wannan ɗaurin shi ne a kira suna: bututu kaza na wane ne, a auna shi a bakinsa kafin ya gauraya da na kowa, jami'i wane ne zai sa hannu, sakamakon kuma a liƙa shi inda mai unguwa da manoman fadama za su gani.

Ku ɗalibai da ke neman abin da za ku rubuta kundin kammala digiri a kai, na gaji da karanta takardun tambayoyi da kuka raba wa junanku a ɗakin kwana. Ku nemi izni ku shiga masana'anta ɗaya, ku auna tsayin teburin aiki da tsayin gwiwar hannun waɗanda ke tsaye a gabansa. Ku buɗe littafin raunuka ku ga da ƙarfe nawa aka fi yankewa, kuma ko watan azumi ya bambanta da sauran. Ku rubuta gargaɗi ɗaya da Turanci da boko da ajami da zane, ku ga wanne aka fi tunawa bayan mako guda. Kuɗin mota zuwa Panshekara da tef ɗin awo da littafin rubutu sun isa a fara.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa la'asar ta gabato, kuma bayan abin da na faɗa a kan lokacin salla ba zai kyautu a ce ni na riƙe jama'a ba. In akwai tambayoyi sai mu ɗauke su bayan an idar.